Ranar Buɗe Asibitin Unguwa

"Kwantar da shi a nan, Inna," in ji nas ɗin, tana nuna wani sabon gado.

Inna ta kasa yarda da idonta. Wata uku tana yawo da mijinta, tsohon kafinta da ƙurar katako ta ci masa huhu, duk asibitin da suka je sai a ce babu gado. Yau ga asibiti an buɗe a unguwarsu, ko kati ba a tambaye ta ba.

Aka sa masa na'urar numfashi, nan da nan ƙirjinsa ya lafa. Ya dube ta da murmushi.

"Tsohuwa, ashe irin wannan iskar manya ke shaƙa?"

"To shaƙi a hankali, malam, kada ka ƙarar musu," ta ce, tana dariya tana share hawaye.

Babban baƙo ya shigo da tawagarsa, ya dafa kafaɗar kafinta, ya ce daga yau talaka ya daina mutuwa a kan layi. Aka tafa, aka ɗauki hotuna. Inna sai sa albarka take yi.

Motocin baƙi na fita, wata babbar mota ta shigo da baya. Ƙarti biyu suka zo suka tsaya a bakin gadon, sun kasa haɗa ido da ita.

"Lafiya dai, 'yata?"

Nas ɗin ta sunkuyar da kai.

"Ki yafe mana, Inna. Daga asibitin kuɗi aka aro saboda bikin. An ce mu mayar kafin yamma. Har da gadon."