Aron Gwiwa

Tun da jami'o'i suka daina zuwa kallon ƙwallon 'yan sakandare, gwiwar uba suke dubawa. Na'ura ce ke leƙa ƙashinsa, ta faɗi shekarun da ƙafar ɗansa za ta yi a fili.

Malam Tanimu kuwa dakon buhuna ya cinye masa gwiwa, da dakon nan ya raini ɗansa Nafi'u har ya zama gwanin ƙwallon unguwa. Ranar tantancewa ya cire hularsa ya kafa wa ƙaninsa Sabi'u, wanda bai taɓa ɗaukar abin da ya fi buta nauyi ba.

"Yaya, in suka gane fa?" in ji Sabi'u.

"Jininmu ɗaya. Kai dai ka taka da kyau."

Malam Tanimu ya tsaya bakin ƙofa cikin 'yan rakiya, yana jin ma'aikaciya tana tambayar yaron ina mahaifinsa. Shi ya koya masa amsar, sun yi ta maimaitawa a gida har ta zauna. Duk da haka ransa ya so yaron ya ɗan yi jinkiri.

"Ga Abbana nan," in ji Nafi'u yana nuna Sabi'u, ko waiwaye bai yi ba.