Wanka da Jinin Dodo

Jarumin fim ya luma wa dodon roba takobi har mariƙi. Dodon ya kurma ihu, ya kife a dusar ƙanƙarar dajin Bavariya, a ƙasar Jamus.

"Yauwa! Yau tsohon nan ya iya mutuwa!" in ji darakta. "Maza shafa jinin, kamar yadda tatsuniyar ta ce, ƙarfe ya daina cin ka!"

Takubba biyu gare su, na roba don faɗa, na ƙarfe don hoton kusa. Mai shiga rigar dodon kuwa mahaifin jarumin ne, kyauta yake yi.

Jarumin ya kamfaci jinin ya shafa a ƙirji. Sati uku ke nan yana wanka da jinin bogi, kullum sai ya sa shi makyarkyata.

Wannan da ɗuminsa.

"Baba?"