Sunan Ƙarshe a Allon Tagulla

Na kafa tsani a ƙofar ofishin lauyoyin, na sa sukudireba a sunan ƙarshe da ya rage jikin allon tagulla.

Sunaye tara na ɗaura a nan shekara talatin da suka wuce, lokacin da ofishin ya cika hawa huɗu. Ƙa'idarsu ce, in lauya ya mutu a cire sunansa. Ni kaɗai na san Babban Lauya yakan kira ni tun kafin mutuwar, wani lokaci da kwana ɗaya, wani lokaci biyu. Sau takwas ina zuwa, ina kama bakina. Yanzu ginin ya zama kango, saura ɗakinsa kawai.

Sai ga shi yana saukowa, garau da shi, riƙe da kofi.

"Kai malam, sunana ne fa wannan! Wa ya aiko ka?"

"Matar lauya na takwas ce, ranka ya daɗe, wadda take kawo maka shayi. Ta ce kar in makara."

Ya dubi gurabe takwas ɗin nan, sannan ya leƙa kofin. Ko kurɓi ɗaya bai rage ba.