Masu Sharar Ƙwaƙwalwa

Tsoho ya kusa gama share barandar sashen bincike na jami'a lokacin da ya laluba aljihu neman hankici, sai ya ji mukulli. An ɗaura masa ɗan kwali mai rubutu: Ofishin Farfesa. Me ya kai mukullin babban mutum aljihun mai shara? Idan aka gani, sunansa ɓarawo, aikin kuma ya tafi ke nan.

Ya ƙudurta zai mayar kafin kowa ya farga. Ga tsintsiyar ma sai cin tafin hannunsa take yi, kamar yau ya fara riƙe ta.

Hanyar ta bi da shi ta ƙofar aji. Wata malama mai farar riga tana yi wa ɗalibai bayani:

"Kowace ƙwayar halitta tana da masu shararta. Da furotin ya lalace sai su tattara shi, su ƙulle a jaka, su kai inda za a narkar. Idan tsufa ya zo sai su gaji, shara ta yi ta taruwa a ƙwaƙwalwa..."

"Har mai gida ya kasa gane ɗakinsa," in ji Tsoho ƙasa-ƙasa. Bai san daga ina maganar ta fito masa ba, amma ta yi masa daɗi. Ashe akwai inda ake ganin mutuncin masu shara.

Ɗalibai biyu suka wuce, suka rusuna masa har ƙasa. Ya ɗauka shaƙiyanci ne irin na yaran zamani.

Mukullin ya buɗe ƙofar ba gardama. Ya nufi tebur, ya ɗan ɗaga durowar kafin ya ja ta, don takan cije. Bai kai ga ajiye mukullin ba ya ji taku a bayansa. Malamar nan ce.

Ya yi sauri ya ce: "Ranki ya daɗe, wallahi ba sata na yi ba, a aljihuna na tsince shi. Don Allah kada a kore ni. Ina da 'yar ƙaramar yarinya, ni kaɗai gare ta."

Idanunta suka ciko. Ta karɓi tsintsiyar ta jingine a bango, kamar yadda ta yi jiya da shekaranjiya, sannan ta jawo babbar kujerar.

"Zauna, Baba," ta ce. "Ofishinka ne. Yarinyar kuwa ta girma, darasinka take koyarwa."