Goge Shi Tas

Marin farko ya jefa mai gyaran kwamfuta kan teburinsa, wayoyi da ƙananan kusoshi suka watse a ƙasa. Dogo ya ja ƙofar shagon ya rufe. Rana tsaka ce, amma janaretan maƙwabta ya isa ya haɗiye ihu.

Oga ne ya aiko shi. Ya ce an sace faifan ajiyar kyamarar sitonsa, yana hannun wannan mutumin, kuma fuskokin yaransa duk suna ciki. "A goge shi tas. Kada ka tsaya kallo, kada ka saurare shi, ɗan iskan baki gare shi."

Dogo bai taɓa yi wa Oga musu ba. Tun da aka tsinci gawar ƙaninsa a kwata da harsashi a ƙeya, Oga ne ya tsaya masa, har makabarta.

"Ɗan'uwa, don Allah tsaya ka ji..." in ji mai gyara.

Gindin bindiga ya same shi a baki. Ya tofar da haƙori, ya ja aljihun tebur ya miƙo faifan. Ɗan siriri ne, bai cika tafin hannu ba, irin na zamani da ba abin da ke juyawa a cikinsa.

Mai gyara ya haɗa shi da kwamfuta, ya danna nan, ya danna can. "Shi ke nan, ya gogu."

Dogo ya yi murmushi. Oga ya riga ya karantar da shi. Irin wannan faifan, gogewar sama-sama ba ta kai ko'ina, ko guduma ma tana barin abin da masana za su tsinta. Duk abin da ke ciki a kulle yake, makullin kuma yana cikin faifan. In aka kashe makullin, saura ya zama shara har abada.

"Ni za ka raina wa hankali? Makullin nake so."

Ya danne hannun mutumin a kan tebur, ya karya masa ɗan yatsa. Da ya sake buɗe baki, ya ƙara masa na biyu. Mai gyara yana kuka kamar yaro ya buɗo wurin, allon ya tambaya ko an tabbata. Yatsun suka kasa dannawa. Dogo ya ture shi ya danna da kansa.

Ko ƙiftawar ido ba a yi ba, makullin ya mutu.

"Akwai kwafi?"

Mai gyara ya girgiza kai, ya zame ya jingina da bango, jini na bin gemunsa.

"Matar ƙaninka ce ta kawo shi da safe, da lambar buɗewa. Ta ce in ajiye maka." Ya haɗiyi jini. "Na kalla. Mutum biyu ne kacal a ciki: ƙaninka a durƙushe, da Oga a bayansa riƙe da bindiga."