Cajin Ranar Suna

Tun da aka fito da wayoyin da ke zuƙar caji daga ɗumin jikin mutum, gaisuwa ta zama fitina a unguwarmu. Wanda wayarsa ta kusa mutuwa sai ya miƙo maka hannu, ya riƙe, ya ƙi saki.

Ranar sunan jikata, maƙwabcina Tanimu ya cafke hannuna a ƙofar gida, sabuwar wayarsa mai saurin caji tana aljihunsa.

"Alhaji Mamuda, an raɗa suna lafiya? Ya mai jego? Ya awaki?"

"Tanimu, yaushe na yi awaki?"

"To ya ƙafar taka?"

"Ƙafata ƙalau take. Sake ni, yatsuna sun ƙandare!"

"Haba Alhaji, saura ƙiris ta cika."

Na fizge hannuna na shige gida, ina rawar ɗari da rana tsaka. A tsakar gida mata sun yi layi, kowacce na roƙon a miƙo mata jaririya ta sa mata albarka. Na tsaya ina kallo, har fushina ya fara sauka.

Sai na ji ƙanwar matata tana raɗa wa ta kusa da ita: "Rungume ta sosai, ta fi kowa ɗumi."