Lissafin Mutum Ɗaya

Buhun doya biyu, jarkar manja, akuya, sai ita a bayan yayanta, duk a kan babur ɗaya. A jikin injin akwai sabon kafireton da ta ƙera tana karatu a Turai, wanda ta rantse zai rage shan mai. In ya kai su Lafia, ƴan acaɓa za su karɓa. In ya gaza, jirgi za ta sake hawa ta koma Turai.

Suna wuce Shabu babur ya yi tari, ya mutu.

"Injiniya," in ji yayan, "mutum nawa kika ɗora a lissafinki?"

"Ɗaya."

Da turi suka iso garejinsa. Ta janyo buhunan da akuyar ciki, ta rufe ƙofa.

"Yaya, na fasa komawa. Nemo min sikeli in auna kayan nan."